Waiwaye: Ƙurar Tuwat da Masu Auna Ta

Ranar Asabar, 13 ga Fabrairun 1960, saura kamar mako biyu a kama azumi, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a tsakiyar Sahara, kusa da garin Reggane a kudancin Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na wanda aka jefa wa Hiroshima fiye da sau huɗu. Ba lalle mutumin zango ya san sunan Reggane ba, amma yankin da garin yake ba baƙonmu ba ne. Tuwat ce, ƙasar da Shehu Maghili ya zauna kafin ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma can kabarinsa yake har yau. Hanyar da ayari ke bi a da da littattafai da hajar arewa, ita aka ji tsoron iska za ta biyo da guba.

Daga Reggane zuwa nan Kumasi ya haura kilomita 2,000, kusan a miƙe kudu. Lokacin kuma na hunturu ne, sa'ad da hazo ke rufe gari, leɓe ya tsage, a kakkaɓe tabarma da safe kafin azahar ta sake yin fari. Tambaya ɗaya ce ta tsaya wa mutane a rai: wannan ƙurar da ke sauka a kan shanyar masara da bakin rijiya, me ke cikinta? Faransa ta ce a kwantar da hankali, babu abin da zai sami kowa.

Ghana ba ta yi shiru ba. Tun a Disambar 1959 wata tawaga ta tashi daga Accra da nufin kutsawa har filin gwajin, cikinta akwai limamin kirista Michael Scott da Bayard Rustin, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, tare da 'yan Ghana da wasu 'yan Afirka. Sojojin Faransa suka tare su a Bittou, cikin Upper Volta ta wancan lokaci. Da bam ya tashi, Kwame Nkrumah ya sa aka riƙe kadarorin kamfanonin Faransa da ke ƙasar. Najeriya ma, bayan gwaji na uku, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Duk wannan abin alfahari ne. Sai dai zanga-zanga ba ta amsa tambayar uwar da ta shanya gari a tsakar gida. Waɗanda suka iya amsa ta su ne wasu malaman kimiyya a Kwalejin Jami'a ta Legon, ƙarƙashin wani Bature mai suna Alan Ward, waɗanda suka riƙa auna burbushin da ke sauka, suka tabbatar ya iso Ghana, suka kuma buga sakamakonsu a mujallar Nature a 1960. Masaniyar tarihi Abena Dove Osseo-Asare ta bi diddigin wannan zamani a littafinta Atomic Junction na 2019. A ƙasa mai mutum kusan miliyan bakwai, masu iya wannan awo ƙalilan ne ƙwarai. Da babu su, da maganar Faransa kaɗai za a riƙe, domin wanda bai iya awo ba dole ya karɓi abin da aka auna masa.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage ido bai san komai ba. Burbushin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ɗaci a harshe. A cikin cibiyar ƙwayar zarra akwai firoton da niyutiron. Idan niyutiron suka yi wa cibiya yawa, sai ɗaya ya rikiɗe ya koma firoton, a take ya harbo elektiron waje da gudu. Wannan elektiron shi ake kira beta. Ba ya nisa. Farantin alminiyam mai kaurin 'yan milimita yana tare shi. Ɓarnarsa tana ga ya shiga cikin mutum. Ɗauki sitirontiyam-90, wanda bam ke bari a baya. Jiki yana karɓarsa kamar kalsiyam, ya bi ciyawa ya shiga nonon saniya, daga nan ya zauna a ƙashin yaro, kuma sai ya shekara kusan 29 kafin ya ragu da rabi. A birnin St. Louis na Amurka iyaye sun tara haƙoran famfarar 'ya'yansu sama da 300,000 aka auna shi a ciki, kuma sakamakon farko da likita Louise Reiss ta buga a 1961 yana cikin abin da ya matsa wa manyan ƙasashe lamba har suka sa hannu a yarjejeniyar 1963 ta daina gwajin bam a sararin sama.

To, da me ake auna abin da ba a gani? Akwai hanyoyi da yawa, amma wadda ta fi burge ni ita ce ta ma'aunin ƙyalli. Allah ya halicci wasu abubuwa, wasu duwatsun kiristal da wasu sinadarai da ake narkarwa a ruwa ko a roba, waɗanda idan ƙwayar beta ta ratsa su sai su yi ɗan ƙyalli na ƙiftawar ido. A farkon ƙarni na 20 mutanen masanin kimiyya Rutherford da ido suke ƙirga irin wannan ƙyalli, a zaune cikin ɗaki mai duhu, har ido ya gaji. Bayan yaƙin duniya na biyu aka haɗa dutsen da wata kwalba mai ninka haske, wadda ke mayar da ɗan ƙyallin nan bugun lantarki ta ninka shi kamar sau miliyan. A 1948 Robert Hofstadter ya nuna amfanin dutsen sodiyam ayodaid, wanda har gobe shi ne a cikin na'urori da dama na asibiti da na masu binciken ma'adinai.

Idan beta mai rauni ake nema, irin na tiritiyam ko kabon-14, ba ya iya ratsa ko da bangon kwalba, don haka sai a kai shi cikin ruwan ƙyallin kansa. Mai aiki zai ɗauki 'yar kwalba mai cin mililita 20, ya zuba samfurinsa, ruwan rijiya ne ko tokar ƙashi da aka narkar, ya ƙara ruwan ƙyalli, ya rufe, ya girgiza har su gauraye. Ya goge jikin kwalbar, ya ajiye ta a duhu ta huce daga hasken ɗaki. Na'ura ta sauke ta cikin wani rami da aka kewaye da darma. A can ciki kwalaben ninka haske guda biyu suna fuskantar juna, ita tana tsakiya, kuma ba a rubuta ƙyalli sai dukansu biyun sun gan shi a lokaci guda, don kada a ƙirga hayaniyar lantarkin na'urar a matsayin gaskiya. Idan samfurin yana da launi, ko da ɗan rawaya-rawaya ne, zai shanye wani kaso na hasken, sakamako ya fito ƙasa da yadda yake, sai mai aiki ya san yadda zai gyara lissafi. Babban sirrin kuwa shi ne girman ƙyalli yana bin ƙarfin betan da ya haifar da shi. Idan aka tara dubban ƙyalli aka jera su daga ƙarami zuwa babba, sai wani zane mai kamar tudu ya fito a allo, kuma kowane sinadari da inda tudunsa ke ƙarewa: a ma'aunin ƙarfi da ake kira keV, tiritiyam a 18.6, kabon-14 a 156, sitirontiyam-90 a 546. Da wannan ake gane wane ne ke cikin kwalba ba tare da an gan shi ba.

Wannan tudu yana da tarihin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. A 1914 James Chadwick, yana aiki a Berlin, ya gano cewa beta ba ya fitowa da ƙarfi iri ɗaya. Ya kamata a ce kowace cibiya ta sinadari guda tana sakin ƙarfi daidai wa daida, amma sai aka ga wani elektiron ya fito da kaɗan, wani da rabi, da ƙyar ake samun wanda ya kusa cika. A ce kowane huhun goro da aka ɗaure a Kumasi ƙwarya ashirin ne cif, amma in an kwance a Kano sai a tarar wannan bakwai, wancan goma sha biyu, babu cikakke ko ɗaya. Wasu suka ce a hanya goron ke zubewa, wato elektiron yana asarar ƙarfinsa ne kafin ya isa ma'auni. A 1927 Ellis da Wooster a Cambridge suka rufe samfurin ruf a cikin wani akwati suka auna dukan zafin da ya fitar, suka sami matsakaicin keV 350 ga kowace cibiya, alhali ƙarshen tudun ya haura 1,000. Ba zubewa ba ce. Niels Bohr, da duk girmansa, har ya fara tunanin ko ƙa'idar cewa ƙarfi ba ya ɓacewa ce ba ta aiki a cikin zarra. Wolfgang Pauli kuwa ya yi irin tunanin da kowane farke zai yi: akwai mai ɗiba wanda ba a gani. A wasiƙarsa ta 4 ga Disambar 1930 ya kawo shawarar cewa wata ƙwaya ce marar caji take fita tare da elektiron ta tafi da ragowar. Enrico Fermi ya gina mata lissafi a 1934, da sunan niyutirino.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma a wurina shi ne zuciyarsa. Shekaru bayan lissafin Fermi, awon da ake yi ya ƙi dacewa da shi ta wajen gindin tudu, inda raunanan elektiron suke. Har an fara neman wani lissafin da zai maye gurbinsa. Sai wata mace 'yar China, Chien-Shiung Wu, a Jami'ar Columbia, a ƙarshen shekarun 1940, ta nuna cewa laifin ba na Fermi ba ne, na masu shirya samfur ne. Suna shafa shi da kauri, ba kuma bai ɗaya ba, sai elektiron ya rage ƙarfi tun a cikin samfurin kafin ya fito. Ta zauna ta koyi shimfiɗa shi siriri ƙwarai a kan fatar da ba ta kai takarda kauri ba, ta sake awo, tudu ya hau kan lissafin Fermi daram. Ba sabuwar na'ura mai tsada ce ta warware rigimar ba. Tsabtar hannu ce da ƙin yarda da aikin gaggawa. Shi kuwa niyutirino sai a 1956 Reines da Cowan suka kama shi a tashar nukiliya ta Savannah River, da manyan tankuna na ruwan ƙyalli, suna samun alama kamar uku a awa guda. Shekara 26 ke nan bayan wasiƙar Pauli.

Har yau ana wannan aiki, kuma ya koma kan sinadaran da ba sa rikiɗa sai da ƙyar. Kadmiyam-113 yana buƙatar shekara tiriliyan 8,000 kafin ya ragu da rabi. Don a auna tudunsa, masana a Gran Sasso ta Italiya suka shiga ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, inda ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya ba sa damun na'ura sosai. Suka ɗauki kiristal na kadmiyam da tangistin mai nauyin giram 434, wanda shi ne samfurin kuma shi ne mai ƙyallin, don haka babu betan da zai tsere. Ƙyalli ɗaya yake bayarwa a kamar kowace daƙiƙa huɗu. Suka bar shi awa 2,758, wato kusan wata huɗu, suka buga sakamakon a 2007. Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan ga mai fama da kuɗin makaranta? Siffar tudun ce ke gwada ko lissafin da masana ke yi wa cibiyar zarra daidai ne, kuma irin waɗannan alƙaluma na beta ne likita ke dogara da su idan zai ba mai ciwon maƙoƙo ayodin-131, injiniya kuma ya san zafin da ke saura a tukunyar nukiliya bayan an kashe ta.

Nkrumah ya fahimci darasin 1960. A 1963 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana. Ranar 25 ga Nuwamban 1964 ya aza harsashin tukunyar bincike a Kwabenya, wadda Tarayyar Sobiyet za ta kawo, aka kuma tura matasa waje karatu. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ya tsayar da aikin. Sabuwar gwamnati ta nemi shawarar masanin Ingila Sir John Cockcroft, shi kuma ya ga da wutar Akosombo a hannu ƙasar ba ta buƙatar tukunyar a lokacin. A ganina an yi kuskuren auna aikin da ma'aunin wutar lantarki kawai, alhali babbar ribarsa mutanen da zai horar ne. Sai a Disambar 1994 Ghana ta kunna tukunyarta, ƙarama mai kilowat 30 daga China. Shekara 30 cur tsakanin harsashi da kunnawa, tsawon rayuwar aikin mutum guda. Zariya ta kunna irinta a Jami'ar Ahmadu Bello a 2004. A 2017 aka sauya wa ta Kwabenya makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfin yin makami, ta Zariya ta biyo baya a 2018.

A cikin waɗanda suka riƙe wutar ba ta mutu ba akwai Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond, wanda ya yi digirinsa na uku a Princeton a 1966, ya dawo ya koyar shekaru masu yawa a nan Kumasi, a jami'ar da muke kira Tek, ya kuma shugabanci hukumar nukiliyar ƙasar. Ya rasu a 2017. Daga Aboabo zuwa ƙofar wannan jami'a tafiyar trotro ce ta 'yan mintuna, amma ga yaran zango da yawa ta fi Makka nisa, kuma wannan yana ci mini rai.

Awo ba ya fadanci, ko ga mai gaskiya. Wata taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a 2014 ta nuna gajimaren bam ɗin 1960 ya mamaye Afirka ta Yamma, ya kai har kudancin Sifen da Sicily cikin kwana 13. Wato tsoron iyayenmu yana da tushe. Amma da jar ƙurar Sahara ta rufe Turai a Maris ɗin 2022, aka yi ta cewa gubar Reggane ce ta koma wa masu ita, sai masana suka auna ƙurar suka buga a 2025 cewa burbushin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, bai kai na cutarwa ba, kuma alamarsa ta gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet ce, ba ta Faransa ba. Labarin ramuwar ya fi daɗin ji, amma ba shi ne gaskiya ba. Wannan bai wanke Faransa daga abin da ta yi wa mutanen Tuwat ba, waɗanda har yanzu suke neman a bayyana musu inda aka binne tarkacen gwajin. Abin da ya nuna shi ne mai neman haƙƙinsa ya fi kowa buƙatar alƙaluma masu gaskiya.

Yanzu bari in dawo gida, domin haɗarin da ya fi kusa da mu ba daga sama zai sauko ba. Duk wanda ya ratsa Akwatia Line ko Dagomba Line ya san sana'ar 'yan kondem, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan gwangwan. Yaro ne da kura da guduma da kurfi, hannu babu safa, yana fasa tsohon inji don ya ciro jan ƙarfe, a ɗora a sikeli a biya shi. Sana'a ce ta halal, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai akwai na'urorin da ke ɗauke da siziyam-137 ko kobal-60 a cikinsu: na auna taurin ƙasa wajen gina titi, na kamfanonin haƙar ma'adinai, na ɗaukar hoton walda, na gasa ciwon daji a asibiti. Muddin suna hannun masu su a rufe, lafiya lau. Ranar da ɗaya ta ɓace ta faɗo cikin tarkace, ranar ce ake kuka.

A Satumbar 1987, a birnin Goiania na Brazil, wasu mutum biyu suka ciro kan wata na'urar gasa ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar wa mai sayen tarkace. Da dare ya ga garin da ke ciki yana haske shuɗi, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da hannun da ta taɓa shi. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinyar da matar mai tarkacen. An duba mutum 112,000, aka sami 249 da burbushin a jikinsu ko kayansu, aka rushe gidaje. Sama da mako biyu ana ɗaukar amai da gudawa da ƙunar fata a matsayin wata cuta daban. Wanda ya gano gaskiya wani masanin kimiyya ne da ya aro ma'aunin ƙyalli. Tun yana nesa da wurin allurar ta buga ƙarshe, har ya ɗauka na'urar ce ta lalace ya koma ya sauyo wata. Irin wannan ya sake faruwa a Samut Prakan ta Thailand a 2000, mutum uku suka mutu, da kasuwar tarkace ta Mayapuri a Delhi a 2010.

Don haka ina da roƙo ga shugabannin 'yan kondem da sarakunan zango. A koya wa kowane yaro alamar nan mai fukafukai uku a kan rawaya. Ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, a rufe ruf da darma, kada a sa masa guduma, kada a kai shi ɗaki, a matsa nesa a sanar da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 2015 ta kafa don irin wannan. Ƙungiyar masu tarkace da ke iya tara kuɗin biki da na jana'iza za ta iya sayen ƙaramin ma'auni na hannu ta ajiye kusa da sikeli, ta nemi hukuma ta koya wa mutum biyu ko uku aiki da shi.

Roƙo na biyu ga iyaye ne, musamman iyaye mata, waɗanda su ke fafutukar kuɗin makaranta a yawancin gidajenmu. Yaron da ya iya zama a gaban malam ya haddace hizifi sittin yana da haƙurin da wannan ilimi yake nema. Idan ɗiyarki ko ɗanki ya nuna son lissafi a ƙaramar sakandare, kada a karkatar da shi don an ce ajin kimiyya yana da wuya ko littattafansa da tsada. Tek tana da sashen fiziks. Asibitin Komfo Anokye yana gasa ciwon daji tun 2004, kuma kowace irin wannan na'ura tana buƙatar masanin da zai auna abin da take fitarwa kafin a kwantar da majiyyaci a ƙarƙashinta. A Kwabenya akwai makarantar digiri na biyu ta ilimin nukiliya tun 2006. Ina kira ga Asusun Raya Zango da attajiranmu na Alabar da Kejetia su ware gurbin tallafi na musamman ga yaran zango masu karanta fiziks da kemistiri, maza da mata, tun daga aji ɗaya na babbar sakandare har su gama jami'a.